Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kuwa kaba. Raɓa ta kan sauka da dare, hantsi na ɗagawa ta bushe, ka neme ta ka rasa. Kaba kuwa ko an sare ta, ko wutar daji ta lashe ta, saiwarta na nan a ƙasa, damina na faɗuwa ta sāke tohowa. Wannan magana gaskiya ce ga yawancin baƙi. Falke ya kan sauka ya sayar da hajarsa ya wuce, ɗan ci-rani ya kan ga hadarin farko ya ɗaure kayansa. Amma akwai waɗansu baƙi da suka zo ƙasar Hausa daga ƙasashe masu nisan gaske, ba don ciniki ba, ba don mulki ba, suka zauna har furfura ta fito musu, waɗansu ma ƙasar nan ce ta rufe su. Su ne 'yan mishan, watau Kiristocin da su kan ce Allah ya kira su su bar gida su tafi wata ƙasa su yaɗa addininsu muddin ransu. Labarinsu na ke so in ba ku, da kuma abin da na tsinta a cikinsa.

Kafin in ci gaba, ya kamata ku san mai yi muku magana. Ni Musulmi ne, ɗan Musulmi, haifaffen ƙasar Ruma, mahaifiyata kuwa mutuniyar Safana ce. Na yi karatun allo, na yi firamare, sa'an nan na kama aikin akawu, irin wanda iyayenmu ke kira akawun En'e kafin a rushe En'e a 1976 a kafa ƙananan hukumomi. Saboda haka ba wa'azin kowane addini na zo yi ba. Amma malamanmu sun hore mu da cewa in mun ga halin kirki mu ɗauka, ko a hannun wa muka gan shi.

Barin gida saboda addini ba baƙon abu ba ne a gare mu. Musuluncin da mu ke taƙama da shi a kan ƙafafun matafiya ya iso mana. Tarihi ya nuna Wangarawa sun taso daga ƙasar Mali suka zo Kano a zamanin Sarki Yaji da littattafansu. Shaihu Magili kuwa daga Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ya fito, ya ƙetare Sahara, ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya koyar a Katsina. Da kowannensu ya ce gidan ubansa ya ishe shi, da yanzu ba mu san inda mu ke ba. To, Kiristoci ma suna da irin waɗannan mutane, suna kuma ce wa abin da ke tura su "kira".

A watan Disamba na 1893 waɗansu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Ikko. Biyu daga Kanada suka taso, Walter Gowans da Rowland Bingham, ɗaya kuma daga Amurka, Thomas Kent. Niyyarsu su shigo ƙasar Hausa da maƙwabtanta, wadda Turawa ke kira Sudan a lokacin. Ba wata babbar ƙungiya da ta tsaya musu, guzurinsu kuma kaɗan ne. A wancan zamani ba a ma tabbatar da cewa sauro ne ke kawo masassara ba, sai a 1897 aka gano haka. Shekara ba ta kewayo ba sai da biyu suka mutu: Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent a Bidda, duka a 1894. Bingham, wanda ciwo ya tsare a Ikko, ya koma gida shi kaɗai.

Wani ne da ya ce ya gani ya isa. Bingham ya sāke dawowa a 1900, masassara ta sāke kayar da shi, aka mai da shi gida. A karo na uku ne mutanensa suka samu wurin zama a Pategi, bakin Kwara, a 1902. Daga nan ƙungiyarsu, wadda a ke kira S.I.M., ta kafu, shi kuwa ya yi ta jagorancinta daga Kanada har ya rasu a 1942. Ku riƙe sunan nan S.I.M., domin za mu sāke gamuwa da shi kusa da gida.

Na biyu shi ne Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila, ɗan wata ƙungiyar Ingila mai suna C.M.S. An haife shi a 1872. Kafin ya tako ƙasar nan sai da ya tafi Tarabulus ya zauna yana koyon Hausa a bakin Hausawan da ke can. A 1900 shi da abokansa suka isa Kano, Sarki Alu ya ce su fice masa daga gari. Suka koma Girku, ɗaya daga cikinsu ya mutu a can. A 1905 Mila ya samu shiga birnin Zariya, ya buɗe wurin shan magani da makaranta, daga baya aka ƙaurar da aikin zuwa Wusasa. Shi ne ya ja gaba wajen fassara Littafi Mai Tsarki na Kiristoci da Hausa, aka buga shi a 1932. Daga makarantar mishan ɗin nan ne Likita R. A. B. Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, kuma a Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Ba mutum ba ne mai sauƙin hali. Ya yi ta sukan sarakuna, ya yi ta jayayya da Turawan mulki 'yan'uwansa, ga shi kuma babban abin da ya zo nema, watau ya mai da Musulmin ƙasar Hausa Kiristoci, bai samu ba sai 'yan tsiraru. Duk da haka bai tattara ya koma Ingila ya huta ba. In ban da hutun da ya kan je ya dawo, a nan ya ƙare kwanansa, ya mutu a Bukuru kusa da Jos a 1952, shekara 52 bayan isowarsa Kano.

Yanzu bari mu matso gida. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufo Batsari ya san Babbar Ruga. Da Turawa suka ci ƙasar nan, Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin mutane ba, saboda haka aka daɗe ba a bar 'yan mishan sun yi aiki yadda su ke so cikin ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Kuturta ce ta buɗe musu ƙofa. Wajen 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa S.I.M. lura da mazaunin kutare na Babbar Ruga, kamar yadda aka yi a Kano da Sakkwato. A lokacin babu maganin kirki, sai allurar wani mai da a ke tatsa daga 'ya'yan wata itaciya ta ƙasar Indiya, mai zafi ainun. Sai wajen 1950 ƙwayar dafson ta bazu, aka fara ganin warkewa sosai. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da haɗin magunguna, wanda a yau ke kashe cutar cikin wata 6 zuwa 12, kuma kyauta a ke bayarwa. Duk wanda ya ga tabo a jikinsa wanda ba ya jin taɓi, kada ya ɓoye, ya hanzarta zuwa asibiti tun yatsu ba su lalace ba.

Ƙanen kakana ya yi shekaru a Babbar Ruga yana saurayi. Na tashi na tarar da shi tsoho, yatsunsa na hagu sun gutsure, yana saƙar faifai da igiya a zaure. Mu yara mu kan zauna gabansa da dare, ya yi ta ba mu labari. Ya ce ranar da cutar ta bayyana a jikinsa aka ware masa ƙwarya da tabarma, aka yi masa bukka a bayan gida, abokan wasansa suka daina miƙa masa hannu. Da aka kai shi can, sai wata Baturiya ta durƙusa gabansa, ta ɗora ƙafarsa a kan cinyarta tana wanke gyambon, tana yi masa sannu da Hausa. Ya ce shekara biyu ke nan rabonsa da wani mahaluki ya taɓa shi, sai ya ji hawaye na zubo masa.

Wata rana na tambaye shi, na ce, "Kaka, ba su ce ka bar salla ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai kullum safiya sai an yi mana wa'azi. Ta sha ce mini in bi Almasihu, ni kuwa in ce mata ina da Annabina. Gobe kuma ta zo da ruwan ɗumi ta wanke mini ƙafa kamar jiya. Ban bi ta ba, ita kuma ba ta fasa ba."

Har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa ganin ya bar salla a kan lokacinta ba, ban kuma taɓa jin ya ambaci matar nan da mugun baki ba.

A nan wajibi ne a faɗi gaskiya dukanta. 'Yan mishan ba su ɓoye abin da ya kawo su ba. Asibiti da makaranta hanya ce a gare su ta isar da addininsu, kuma cikin majinyatan wuraren nan akwai waɗanda suka karɓa, musamman yara da waɗanda danginsu suka yasar. Wannan ya raba waɗansu gidaje, ya kuma sa sarakuna da malamai suka riƙa sa ido. Akwai kuma daga cikin 'yan mishan waɗanda suka raina mu, suka rubuta wa mutanensu maganganu marasa daɗi a kan Musulunci da al'adunmu don a aiko musu da kuɗi. Ba na wanke su daga wannan. Amma tambayar da ta fi damuna ita ce: me ya sa sai da baƙo ya ƙetaro teku kafin a samu mai wanke ƙafar ɗan'uwan kakana? Wanda ya yar da nasa a bayan gida, ba shi da bakin ƙorafi in wani ya tsince shi.

Mutum na ƙarshe da zan ba ku labarinsa na zamaninmu ne, a Maraɗi ya zauna, wurin 'yan'uwanmu Katsinawa na ƙetaren iyaka. Sunansa Tony Rinaudo, an haife shi a Ostareliya a 1957. Shi da kansa ya ba da labari cewa tun yana yaro ya kan ga a na tumɓuke dazuzzukan ƙasarsu da manyan motoci, ya kuma ji labarin yara masu kwana da yunwa a waɗansu ƙasashe, sai ya roƙi Allah ya yi amfani da shi a wani wuri. Ya girma da wannan a ransa, ya karanta aikin gona, a 1981 shi da matarsa suka zo Nijar a ƙarƙashin S.I.M.

Aikin da aka ba shi dashen itatuwa ne. Ya yi ta renon iri yana kaiwa ƙauyuka, amma yawancinsu su ka mutu: rana ta ƙone waɗansu, awaki da gara su ka cinye saura. Manoma ma ba su damu ba, domin an saba a share gona ƙal kafin shuka. Bayan shekara biyu ya kusa fid da rai. A 1983, yana kan hanya da motarsa cike da dashe, ya tsaya ya rage iskar taya don ya ƙetare rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a bakin hanya. Da ya duba ganyensa da kyau sai ya gane ba ciyawa ba ce, kututturen itaciya ne da aka sare yana tohowa. Ya waiga ko'ina ya ga ga su nan birjik. Ashe dajin da ya ke wahalar dasawa yana nan a ƙarƙashin ƙasa, da saiwoyinsa masu zurfi.

Dabarar da ta fito daga nan mutanen Nijar na kiranta sassaben zamani, ba ta kuwa bukatar ko kwabo. In ka zo sassabe ka tarar da kututturen sabara, ko kalgo, ko gawo, ko magarya ya yi toho, kada ka sare duka. Zaɓi rassa mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka datse sauran, ka sassabe ƙananan rassan da ke jikinsu zuwa rabin tsawonsu, ka kuma tsare su daga dabbobi da masu itace. Da ya ke saiwar tsohuwa ce, girmansu ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba.

Da fari manoma kamar goma ne suka yarda suka gwada, a na yi musu dariya. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da barin itatuwa a gona, dubban mutane suka bi, amma da abinci ya ƙare da yawa suka sāke sarewa. Waɗanda suka bari su ne suka ga amfanin: iska ta daina binne shuka da rairayi, ga itacen girki, ga abincin dabbobi, gero kuma ya ƙaru. Daga nan manomi ya riƙa koya wa manomi. Bayan kamar shekara 20 masu bincike suka auna da hotunan sama, suka tarar an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, itatuwa kimanin miliyan 200. Rinaudo ya zauna har 1999. A 2018 aka ba shi wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, a shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, wani manomi Musulmi na Burkina Faso wanda shi ma ya rayar da busasshiyar ƙasa.

Yau kuwa abin ya juya. Ikilisiyar E.C.W.A., wadda ta tsiro daga aikin S.I.M. a 1954, tana da ƙungiyarta ta aika masu wa'azi, 'yan Nijeriya ne kuma ke barin gida su tafi waɗansu ƙasashe da sunan wannan kira.

Da na jera mutanen nan ina dubawa, sai na ga abu uku sun haɗa waɗanda suka yi tasiri a cikinsu. Na farko, sun koyi harshen mutane kafin su buɗe baki su koya musu wani abu. Na biyu, faɗuwa ba ta kore su ba. Bingham sau biyu yana komawa gida a kwance, Rinaudo ya binne dashe ba iyaka. Na uku, sun daɗe har wurin ya koya musu abin da ba su zo da shi ba. Da Rinaudo ya yi shekara biyu ya nemi canji, da ya tafi da labarin cewa ƙasar Maraɗi ba ta karɓar itace.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai, aikina ne. Shekarun nan ƙasarmu ta Batsari da Safana, da duk garuruwan da ke gefen dajin Rugu, sun ga tashin hankali: satar shanu, da satar mutane, da ƙone-ƙone. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe kimanin mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya. Ni kuwa takardun ma'aikata ke bi ta hannuna. Na buga takardun neman canjin wurin aiki da ban san iyakarsu ba: malamin makaranta, malamin asibiti, malamin gona, kowa yana so a mai da shi birni. Ban taɓa ganin laifin ko ɗaya ba, domin rai ba shi da na biyu, kuma kowa na da iyali. Tsare rayukan mutane nauyi ne a wuyan hukuma, ba kuwa wanda zai ce wa ɗan'uwansa ya je ya miƙa wuya ga ɗan bindiga. Gowans da Kent ma da sun san abin da aka sani daga baya, da sun yi tanadi, da watakila sun daɗe sun yi aiki.

Amma akwai abin da na lura da shi. Tun kafin fitinar nan, a lokacin da mutum ke tafiya Runka ko Wagini da tsakar dare ba abin da zai same shi, irin waɗannan takardu suna zuwa. A lokacin dalilin shi ne babu lantarki, babu famfo, matata ba ta saba da ƙauye ba. Yaron da aka haifa a ƙauyen nan, aka sayar da akuya aka biya masa kuɗin makaranta, shi ne farkon mai cewa ba zai iya zama a can ba. Ɗan gari ya zama raɓa.

Na kuma san wata ungozoma, ba zan faɗi sunanta ko garinta ba don kada in ja mata ido. Sau biyu a na ba ta damar komawa birni tana ƙi. Na ce mata, "Yaya, me ya hana ki karɓa?" Ta ce, "Malam, in na tafi, mai naƙuda da dare wa za ta kira? A nan Allah ya ajiye ni." In dare ya yi tsanani ta kan bi mutanen garin su kwana a wani wuri, gari na wayewa ta dawo ta buɗe ɗakin shan magani. Ba ta taɓa jin sunan Likita Mila ba, amma abin da ya zaunar da shi a Zariya, irinsa ne ya zaunar da ita.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci da girmanku, kun san daɗin abin da aka samu bayan haƙuri. Ba a ce kowa ya ƙetare teku ba. Mai iya karatu ya zaunar da maƙwabcinsa ya koya masa. Mai gona ya bar toho biyar a kan kututture bana. Wanda ke da majinyaci a gida ya wanke shi da hannunsa, kada ya jira baƙo. In kuma kuna da ɗa a makaranta, ku riƙa gaya masa tun yanzu cewa garin da ya rene shi yana binsa bashi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda suka gudu gidajensu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kuma ba mu ikon tsayawa inda a ke bukatarmu. Amin.